Littafin Jana'izar Baba Kafinta

Ranar Talata, 20 ga Fabrairun 2024, ina dawowa daga sallar asuba na ji kuka daga ɗakin Mma, matar Baba Kafinta, tun kafin in tura ƙofar gida. Ban tambayi kowa ba. Kwana uku ke nan bencin da ke bakin ƙofarsu babu kowa a kai, tun da aka kwantar da Baba Kafinta a asibiti, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu na unguwar Aboabo, a birnin Kumasi na ƙasar Gana, ya san wannan benci da mai shi. A kansa yake zama kullum da sassafe yana ɗaure igiyar takalmi, carbinsa mai gicciye a aljihun riga, zai tafi addu'ar safe a coci. Mu muna shigowa daga masallaci, shi yana shirin fita. Sai ya ce, "Kun roƙa mana?" Mu ce, "Mun roƙa, Baba, saura naka." Haka muka yi shekara da shekaru.

Baba ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba. Mutumin Navrongo ne, can arewa kusa da iyakar Burkina Faso, ɗan ƙabilar Kasena. Mma kuwa 'yar Jirapa ce, Dagaare take ji. Shi bai iya yarenta ba, ita ba ta iya nasa ba, Hausar Zango, unguwar baƙi 'yan arewa, ce ta haɗa su. Da ita suka yi zance, da ita suka saɓa suka shirya har shekara 63, da ita suka reni 'ya'ya bakwai, biyu suka riga su. Tun 1958 yake haya a gidan kakana, kuma ko da 'ya'yansa suka gina masa gida a bayan gari ya ƙi tashi. Ya ce ba zai koma inda sai ya shiga mota kafin ya sami wanda za su gaisa ba.

Bayan na yi wa babban ɗansa gaisuwa, abin da na fara tambaya shi ne abin da kowane ɗan Zango zai tambaya: "Yaya, ƙarfe nawa za a kai shi?" A wurinmu wanda ya cika da asuba, kafin la'asar yana makabartar Tafo, an dawo an zauna karɓar gaisuwa. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, tukuna. Namu yanzu aka fara." Sai da Baba ya kwana 59 kafin ya sake shigowa gidan nan.

Da takardu muka fara, ni da Yaya, a cikin pragya, keken nan mai ƙafa uku da ya cika Kumasi. Likitan da ya duba shi ya rubuta takardar dalilin mutuwa. Da a gida ya cika, sau da yawa sai an bi ta hannun 'yan sanda, wataƙila ma a buɗe gawa a duba, amma tun da ya kwana uku a gadon asibiti likita ya san abin da ya same shi. Daga nan mutuware, inda aka ɗaura masa lamba, aka ba mu rasit, aka gaya mana kuɗin ajiya da kwana yake tafiya. Sannan ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, da takardar likita da katin ɗan ƙasa na Baba a hannu. Su ne ke ba da izinin binnewa, wanda za ka nuna kafin a ba ka kabari. Duk wannan bai wuce kwana uku ba. Abin da ya fi min nauyi shi ne fitowa daga mutuware mu bar shi a can. Baba mutum ne mai gudun sanyi, da hunturu riga biyu yake sawa da hular ulu. Daren farko ban runtsa ba, ina ta tunanin inda muka baro shi.

Da Talata ta zagayo aka yi zaman mako guda, wanda Kiristocin Kumasi suke yi, Batone ne, wato ɗan ƙabilar Asante, ko ɗan arewa. Aka kafa rumfuna a layinmu, aka jera kujerun roba, aka ajiye hoton Baba a kan tebur. Masu zuwa suna bin layin dangi suna miƙa hannu daga dama zuwa hagu, kamar yadda Tonawa suka koya wa kowa. Amma ainihin aikin ranar a cikin ɗaki aka yi shi, kafin a fito. Ƙanen Baba ya taso daga Navrongo, tafiyar yini guda cur a mota ta Bolgatanga da Tamale da Kintampo da Techiman, da magana ɗaya a bakinsa: a mai da ɗan'uwansa gida ya kwanta kusa da iyayensa. Mma ta bari ya kai aya. Sannan ta ce, "Baffan yara, yayanka ya gaya min, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. 'Ya'yansa biyu suna Tafo, can zai je. Ni ma can za ku kai ni." Tsohon ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Aka tsaya a kan za a binne shi a Kumasi, in rani ya zo dangi su yi nasu na gargajiya a gida.

Sai maganar rana. Ɗansu na uku yana Italiya, sai ya nemi hutu ya haɗa kuɗin jirgi. Kiristoci suna cikin azuminsu na kwana 40, Ista za ta faɗo 31 ga Maris, Fada kuma ya ce daga Alhamis ɗin makon har Lahadi ba a yin Mas ɗin jana'iza. Wani ya kawo Asabar ta farkon Afrilu. Mma ta ce a'a, lokacin muna cikin Ramadan, rabin masu zuwa ba za su sa ko ruwa a baki ba, mijinta kuwa bai taɓa cin abinci a tsakar gida ana azumi ba, balle a yi taronsa maƙwabta na kallo. Aka sa 20 ga Afrilu, bayan ƙaramar Sallah. Aka fito aka sanar a lasifika da Tonanci da Hausa, aka raba aiki. Da aka zo kan littafi kowa ya juyo ya dube ni, don ni ke koyarwa a makarantar boko, ni kuma ke da kwamfuta.

Wanda bai taɓa zuwa jana'izar Kirista a Gana ba zai yi mamakin darajar wannan littafi. Hoton mamaci a bango, tsarin addu'a da waƙoƙin da za a rera, tarihin rayuwarsa, sannan kalaman ban kwana daga matarsa da 'ya'ya da jikoki da surukai da ƙungiyoyin coci. Mutane suna adana shi shekaru, kuma ga talaka sau da yawa shi kaɗai ne rubutun da zai saura a kansa a duniya. Na ce wa Mma ban taɓa yi ba. Ta ce, "Ɗana, ai a gabansa ka girma. Rubuta abin da ka gani, wanda ba ka gani ba ka tambaya."

Tun a layin farko na cije. Wace shekara aka haife shi? Katin ɗan ƙasa ya ce 1 ga Yulin 1930, irin ranar da ake rubuta wa tsofaffin da ba su san tasu ba. Tsohon katin zaɓe ya ce 1936. Autarsu ta riga ta gaya wa mai fosta ya sa shekara 100, ta ce ya fi cika ido kuma babu mai ƙirgawa. Na roƙe ta ta dakata. Mutumin da bai taɓa ƙara ko inci ɗaya a lissafin katakon mutane ba, bai kamata a buɗe tarihinsa da ƙarin shekaru ba. Mma ta kwance mabuɗi daga bakin zaninta ta ce a jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Ƙanshin kafur ya fara tarbar mu. Ga takardar aure ta 1961. Ga katunan biyan kuɗin coci, ɗauri-ɗauri da roba, babu watan da aka tsallake, har da na 1983. Ga ɗan ƙarfen wuya na tunawa da zuwan Fafaroma John Paul na biyu Kumasi a watan Mayun 1980. Can ƙasa kuma katin baftisma na 1953, ya yi ja don tsufa, inda wani Fada ya rubuta cewa mai katin yana da kimanin shekara 20. Wato 1933 ke nan. Ban tsaya nan ba, don wani abu ya faɗo min a rai. Ranar 29 ga Maris ɗin 2006, da aka yi husufin rana gari ya dushe da hantsi, muna tsakar gida muna leƙen bokitin ruwa, Baba ya ce wannan ne karo na biyu da ya gani. Na farkon yana yaro a gonar koko kusa da Mampong, bai daɗe da saukowa daga arewa ba, har kaji suka nufi akurki. Wancan husufin na watan Mayun 1947 ne. Ƙanensa ya ce mahaifiyarsu takan faɗa cewa ranar da ya bar gida ya isa kiwon shanu shi kaɗai, amma gemu bai tsiro ba. Shekara 14 ta zauna daidai. Muka rubuta 1933, fosta ta fito da 91. Auta ta yi fushin yini ɗaya ta huce.

Daga nan zaren ya riƙa warwarewa. Ya sauko ne cikin ayarin samarin arewa masu neman aikin koko da na haƙar zinariya a Obuasi, wani wuri a ƙafa wani wuri a bayan babbar mota, ta Tamale da Salaga, suka ƙetare kogin Volta a Yeji, tun ba a gina madatsar Akosombo ruwan ya faɗaɗa ba. Ya yi shekara uku a gona, sannan ya shigo Kumasi, inda wani kafinta ɗan ƙabilar Ewe ya ɗauke shi yaron shago. A ajin dare na coci ya koyi karatu da lissafi. Yawancin ƙarfinsa a unguwar Anloga ta Kumasi ya ƙare shi, cikin kafintoci, har aka tashe su zuwa Sokoban. Lokacin ƙafa ta yi nauyi, sai ya dawo da teburinsa gindin bishiyar ƙofar gidanmu.

Wannan duk hanya ce kawai. Mutumin da ya bi ta sai da na nemo shi a bakin mutane. Azumi ya kama, zafin Maris ya sauka, wuta na ɗaukewa ba dare ba rana. In na taso daga makaranta sai in ɗauki biro da takarda in shiga unguwa har gab da buɗa-baki. Katikis, mai koyar da addini a coci, ya ba ni abin da coci ta sani: shekarun da ya yi yana karɓar baiko, bencinan da ya gyara kyauta, yaran 'yan arewa da ya tsaya wa a baftisma. Matan coci suka ba ni 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, shekarar da aka koro 'yan Gana daga Najeriya suka dawo suka tarar babu abinci. Kayan agaji na zuwa ta hannun coci, Baba na cikin masu rabo, wata tsohuwa kuma ta ce min ana rabon nan ƙashin wuyansa a waje yake kamar na kowa. Mahaifiyata ta ƙara da cewa kason ɗakinsa ma a tukunya ɗaya ake dafa shi a tsakar gida, yaran gidan duka su sa hannu, har da ni.

Abin da ban zata ba shi ne dattawan masallaci za su fi kowa ba ni labari. Ladan ya kama hannuna ya kai ni bayan masallaci, inda ake jingine makara. Ya ce, "Ka san wanda ya yi ta?" Ban sani ba. Na sha ɗaukarta a kafaɗa, a cikinta muka kai mahaifina. Ashe Baba ne ya yi ta da katakon odum, ya ƙi karɓar ko pesewa, kuma duk shekara kafin damina sai ya zo da gudumarsa ya bi ƙusoshinta ɗaya bayan ɗaya. Malamin makarantar allon layinmu kuma ya ce yawancin yaran da suka sauke a hannunsa a kan allon Baba suka fara.

Akwai abu guda a akwatin nan da na ajiye gefe don ban gane shi ba: littafin lissafi irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yage. Kowane shafi wata guda ne, daga Disambar 1969 zuwa Afrilun 1972. A hagu lambar ɗaki, 1 zuwa 14, a dama kuɗi. A ƙasa abin da aka kashe: kwanon rufi, ƙusa, ladan masu kwashe bayan gida. A shafin ƙarshe akwai layi ɗaya da ajami, da tawadar allo. Bayan sallar asham na kai wa Goggo, yayar mahaifina. Ta sa tabarau ta karanta, sai ta rufe fuska da mayafi. Hannun kakana ne: "Na karɓi amanata, ko kwabo bai yi ciwon kai ba."

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta fitar da dokar korar baƙi: duk wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da takardar zama, an ba shi mako biyu ya bar Gana. Zango ya girgiza. Mutanen da suka yi shekara talatin suna fataucin goro a Kumasi, wasu ma a nan aka yanke cibiyarsu, suka wayi gari baƙi. Gidaje da rumfunan kasuwa aka yi ta sayarwa a wulaƙance, don mai gudu ba ya tsayawa ciniki. Kakana a ƙasar Kano aka haife shi, ba shi da takarda, amma ya ƙi sayar da gidan. Daren da za su tashi ya kira ɗan hayarsa na ɗaki na 9, kafinta mai 'ya'ya uku, ya zuba masa mabuɗai a hannu. Goggo ta ce tana tsaye a bakin zaure ta ji wani abokin kakan yana cewa, "Alhaji, duk Musulmin unguwar nan ba ka ga wanda za ka bar wa gida ba?" Kakan ya ce, "Rabinsu gobe mota ɗaya za mu shiga. Wannan kuwa na ga yadda yake dawo da canjin ƙusa."

Sojoji suka kifar da Busia a Janairun 1972. Bayan 'yan watanni kakana ya dawo da iyalinsa, bai san ko zai tarar da ko da bango a tsaye ba. Ya tarar an sake rufin ɗaki biyu. Kuɗin hayar wata 29 yana wurin Fada, inda Baba ke kai shi ajiya duk ƙarshen wata don kada wata buƙata ta sa shi taɓawa. Na koma na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. A kowane wata, ɗaki na 9 ne aka fara rubutawa ya biya.

A gidan nan aka haife ni, a nan na yi aure, ɗakin da nake wannan rubutu a ciki yana cikin lissafin. Shekara 44 ina gaishe da mutumin nan kullum safiya, bai taɓa nuna min ko a fuska cewa muna zaune a inuwarsa ba. 'Ya'yansa ma ba su sani ba. Yaya ya ce abin da kawai yake tunawa, yana ɗan shekara bakwai babansu ya daina kwana a ɗaki, ya koma zaure da tabarma da sanda, ba wanda ya gaya musu dalili.

Da na ce zan sa a littafi Mma ta ƙi. Ta ce shi bai so a faɗa ba. Goggo ta zura takalmi ta ƙetare tsakar gida ta same ta. Ta ce, "Mma, shi ya yi shirunsa, mun gode masa. Amma bashin a kanmu yake, mu kuwa ba mu yi alkawarin shiru ba." Suka yi kuka tare. Aka sasanta a kan ba za a sa a tarihinsa ba, sai a shafin ban kwana na gidanmu, da sunan iyalin maigida.

Sauran aikin na haƙuri ne. Kalaman ban kwana suka riƙa shigowa ta WhatsApp, wasu a rubuce wasu a murya. Ranar 14 ga Maris wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, na Italiya ya yi kwanaki yana turo nasa bai iso ba. Jerin jikoki 23 da tattaɓa-kunne 11 sai da na sake shi sau uku, don a irin wannan littafi mantuwar suna ɗaya tana iya raba zumunci. 'Yarsa ta biyu, wadda ta musulunta ta auri ɗan Asawase, ta kawo nata a takarda hannunta na rawa, tana tsoron yadda dangi za su ɗauka. Layi huɗu ne. Ta ce ranar ɗaurin aurenta babanta ya zauna a ƙofar masallaci har aka shafa fatiha, kuma daga ranar akwai buta da darduma a ɗakinsa saboda 'ya'yanta. Ban taɓa mata ko harafi ba.

Tarihin ya kai shafi tara. Mai buga littafi a Adum ya ce kuɗin da aka ware shafi 24 zai ɗauka gaba ɗaya, tarihi ya sami uku. Yankan nan ya fi min rubutun zafi. Yeji ta koma rabin layi, alluna suka fita, makara kuwa na ƙi cirewa. Kuma duk da Turanci, don haka aka saba, alhali matar da ta sa ni aikin ba ta karanta Turanci. Sai na zauna dare biyu na rubuta shafi taran nan da Hausa, cikakku, na haɗa da na gidanmu na ajiye. Ana saura kwana biyu muka karɓi kofe 300.

Kafin ranar na je wurin limaminmu don hankalina ya kwanta a kan iyakar abin da zan yi. Ya ce haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don bambancin addini. Ya tuna min cewa an taɓa wucewa da gawa ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne ya ce ashe ba rai ba ne. Ya ce Babban Limamin ƙasa ma, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a Ankara, babban birnin Gana, ranar Istar 2019, yana cika shekara 100, don zumunci. "Je ka yi gaisuwa, ka ɗauki kujera, ka raka shi. Ibadarsu tasu ce, taka taka ce. In lokacin sallah ya yi ka tashi ka yi." Ranar Asabar ɗin jana'izar limamin namu ma yana rumfa, a layin gaba.

Akwatin gawa ba a saya ba. Ashe tuni Baba ya ware falankan katakon da Tonawa ke kira wawa, mai araha, ya sa su a saman zaure, ya gaya wa tsohon yaron shagonsa ko na mene ne. 'Ya'yan sun so mai ƙyalli irin na kanti. Yaron shagon, wanda shi ma yanzu kansa duk furfura, ya ce shi dai maigidansa ya bar masa aiki kuma zai yi. Su huɗu suka taso daga Sokoban suka haɗa shi a gindin bishiyar nan, da zarto da gudumar Baba, suka goge shi har yana ɗaukar ido.

Ranar Juma'a, 19 ga Afrilu, bayan magariba aka kawo shi. Matan coci sun lulluɓe zaure da farin yadi, zauren da ya taɓa gadi, aka kwantar da shi cikin farar rigarsa ta zuwa coci, carbi a hannu. Na daɗe ina fargabar wannan gani, amma fuskarsa ce, ta ɗan ƙara duhu kawai. Mawaƙan coci suka yi ta rerawa, da Turanci da Tonanci da Kasem da Dagaare. Wajen ƙarfe goma Yaya ya miƙo min makirfo. Na ajiye littafin da aka buga na ciro takarduna na Hausa. Da na kai Yeji ƙanensa ya ɗaga hannu ya ce haka ne. Da na kai makara na ji ladan yana gyaran murya daga baya. Da na kai 1969 layin ya yi tsit, har masu tallan ruwa suka tsaya, ni kuwa murya ta ƙi fita. Sai Goggo ta miƙe daga cikin mata ta ƙarasa labarin da bakinta, ba takarda, har da maganar canjin ƙusa.

Asabar da sassafe aka buɗe ƙofa mutane suka zagaya shi na ƙarshe. Dangi sun sa atamfa fari da baƙi, wadda ake sawa in mamaci ya tsufa ya ga jikoki, maimakon baƙi da ja. Daga gida sai coci, mu 'yan Zango wasu a bencin baya wasu a waje ƙarƙashin rumfa. Daga coci sai Tafo. Ɓangaren Musulmi na makabartar nan na sha zuwa, nasu kuwa ranar na fara taka shi. Ba a sami wuri kusa da 'ya'yansa biyu ba, Mma ta ce ba kome, ƙasa ɗaya ce. Fada ya yayyafa ruwa, Yaya ya zuba ƙasa, aka miƙo min shebur na zuba nawa.

Da rana aka koma rumfa, aka kafa teburin gudummawa, wadda Tonawa ke kira nsawa: ka ba da abin da ka kawo, a rubuta maka rasit, a kira sunanka a lasifika. Masallacinmu ya haɗa nasa a ambulan ɗaya. Abinci matan Zango ne suka kwana a kansa, waakye da tuwon zafi, sa kuma mahaucin layinmu ne ya yanka don kowa ya ci ba sai ya tambaya ba. Masu pito, giyar dawa, suna can ƙarshen layi da ƙoƙunansu. Lahadi dangi suka sa farare suka koma coci godiya. Litinin aka zauna lissafi, aka cire kuɗin mutuware da rumfa da abinci da littafi, ɗan abin da ya rage aka damƙa wa Mma.

Kofe ɗaya ya saura daga 300. Mma ta sa shi a akwatin ƙarfe, a kan katin baftisma. Littafin lissafin kuwa ta miƙo min, ta ce na gidanku ne. Sannan ta ce, "Ɗana, na ranar Juma'ar nan, na Hausa, ina so in sake ji. Kuka bai bar ni na ji rabinsa ba." Na zauna a kan bencin na karanta shi cikin wayarta daga farko har ƙarshe, minti 26, jikarta ta nuna mata inda za ta danna. Yanzu in na dawo daga asuba nakan tarar da ita a bencin, mayafi a kafaɗa, waya a cinya, ana cikin ƙetare kogi a Yeji. Sai in rage murya in gaishe ta. Takan tsayar da wayar ta ɗago ta ce, "Kun roƙa mana?"